Farin Gari da Sunan 'Yar Fari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairun 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran 'yata ta fari a nan Sakkwato, bayan gajeriyar jinya. Ta bar miji da 'ya'ya biyu, ta bar ɗalibai a jami'a, ta kuma bar ni da alƙalami a hannu ina jin kunyar rubutu.

Na san dattawan unguwarmu ta Gidan Igwai za su karanta wannan su girgiza kai. A gidajenmu uba ba ya yabon ɗan fari, ba ya kuka a kansa a gaban jama'a, sunansa ma ba ya kama shi. Ni kaina Lawwali ne, ɗan fari, mahaifina ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, ban kuma taɓa ganin laifinsa ba. Haka na bi da ke, 'yata. Da aka yaye ki, Goggo Kaltume ta ɗauke ki zuwa Unguwar Rogo. In kin zo gida sai in ce "ke", in ana zancenki in ce "wance".

Tun kina ƙarama wuta ce ta ɗauki hankalinki. Kawunki Mode, da yake aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, ya ce kin hana shi sakat da tambayar yadda dutse ke shiga tanderu ya fito siminti. Wannan tambayar ce ta kai ki har ƙasar waje, kika dawo da digirin digirgir a kan wani farin garin sinadari da ake kira alon. Ranar da mahaifiyarki ta gaya mini, sai na ce ta tambaye ki: allon wa? Kin yi shekaru kina ba da wannan labari kina dariya.

Ba ki taɓa yi mini bayanin aikinki kai tsaye ba, kin san ba zan zauna in saurara ba. Sai ki zauna a tsakar gida kusa da tagar ɗakina, ki ɗaga murya kina yi wa ƙannenki bayani, ni kuma ina ciki na buɗe littafi kamar mai karatu. A haka na koyi cewa ana samun farin garin wani sinadari, alumina, a cuɗa shi da gawayi mai laushi, a sa a tanderu ana hura masa iskar naitirojin. In zafi ya kai kusan digiri dubu da ɗari biyar, gawayin zai janye iskar oksijin daga wani ɓangare na garin, naitirojin ta maye gurbinta, a sami gari na biyu. Garin nan biyu za su zauna a gauraye amma kowa da halinsa, sai zafi ya haura dubu da ɗari bakwai suke zama abu guda, shi ne alon ɗin. In gawayi ya yi yawa, garin ya fito toka-toka. In aka daɗe a wuta, ya dunƙule. Kika ce duk gwanintar tana wurin sanin lokacin da za a ƙara wuta.

Na ji komai, 'yata. Ban taɓa nuna miki na ji ba.

Alherinki ma daga bakin mutane na riƙa tsintarsa. A zaman makoki wata ɗalibarki ta ce ranar da gwajinta ya lalace, ke kika zauna da ita kuka sake niƙa garin tun daga farko, ba ki ɗaga mata murya ba. Goggo Kaltume ta ce tun da idonta ya raunana ba Juma'ar da ba ki je kin yanke mata farce ba. Suna ta kiran sunanki a sauƙaƙe, baƙi da maƙwabta, ni ina zaune a tsakiyarsu na sunkuyar da kai.

Bara, da ƙaramar sallah, kin shigo ɗakina, abin da ba ki saba ba. Kika durƙusa, kika ajiye kundin bincikenki, kika ɗora wani ɗan faifai kamar murfin kwalba a kan shafin farko. Kika ce garin nan ne aka matse aka sake gasawa, ya zama garau kamar gilashi, amma ya fi gilashi ƙarfi nesa ba kusa ba.

"Baba, duba ta ciki. Mi ka gani?"

Sunanki ne a ƙarƙashi, harafi-harafi. Na daɗe ina kallo. Na ce, "Shina da haske. Allah shi yi albarka."

Kika yi murmushi. "Ko ta cikin gilashi ba ka hwaɗi, Baba?"

Na kawar da kai. Kika bar mini faifan kika fita. Na ɗauka akwai sauran lokaci.

Ba na zagin al'adar iyayena, kunya ado ce kuma ta riƙe gidaje da yawa. Amma yau kunya biyu ke kaina: ta faɗin abin da uba ba ya faɗi, da ta barin ki tafi ba ki ji ba. Na auna su, ta biyun ta fi nauyi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Hashim, da 'ya'yanki Anas da Zaituna, da mahaifiyarki, da Goggo Kaltume wadda ta fi mu duka rashi, da ɗalibanki. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya abin da kika bari bisa tafarkin gaskiya.

Ya Allah, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ka san wadda nake nufi ko ban faɗa ba, amma yau zan faɗa. Ya Allah, ka jiƙan 'yata Ummulkhairi.