Shekarar da Na Riƙe Gidan Kifi

Shekara guda na yi ina riƙe da gidan kallon kifi a Dutsin-Ma, kuma ban tuna ranar da na zauna na ci tuwo hankali kwance ba. Ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi ce ta gina shi, dogon zaure da tankunan gilashi da suka fi mutum tsayi. Muka zuba tarwaɗa da karfasa, da wani ƙaton giwan ruwa da masunta suka kawo daga dam. An damƙa mini shi ne don ni tsohon malamin kimiyya ne.

Akwai injin da ke hura wa ruwan iska. Da ya tsaya, sai ka ga kifayen sun taso sama baki buɗe. Kuɗin ƙofa ba ya isa man janareta, don haka kullum ina bisa babur, daga wannan Alhaji zuwa wancan.

Da bazara rijiyoyin unguwa suka ƙafe, surutu ya tashi. A majalisa ana cewa mun shayar da kifi mun bar mutane. Wata tsohuwa ta tare ni a ƙofa da jarka, ta ce, "Malam, su waɗannan na ciki sun fi jikokina ne?"  Na cika mata jarkar daga rijiyar burtsatsenmu, na wuni ina kai da kawowa a zauren.

Ranar kasuwar Kurfi na je wurin shugaban ƙungiyar, na same shi yana auna gero.

"Alhaji, sola nake roƙo, janareta ya gaji."

"Malam, zagin da nake sha bai isa ba?"

Na ba shi labarin tsohuwar. Ya ajiye tiyar awon, ya ce zai sa solar, amma sai an jawo famfo daga rijiyar burtsatsenmu zuwa bayan katanga, kuma unguwa ce za ta fara ɗiba kowace safiya.

Na yarda, ko da yake na san ruwan ba zai ishe mu ba. Dole muka rufe tanki biyu. Giwan ruwan ma muka mayar da shi dam cikin baho, ina riƙe da bakin bahon a bayan a-kori-kura, ruwa na fallatsa mini har wuya. Surutu bai ƙare ba. Sai aka koma cewa mun yaudari masu biyan kuɗin kallo.