Butar da Ke Gefen Dattijo

A shekarata ta biyu a jami'a a Dubai, malamar tarihin zane ta ce kowa ya zaɓi abu ɗaya daga tsofaffin zane-zane ya yi nazari a kansa. Na zaɓi kayan shayi. Wata biyu ina zaune a laburare ina bin manyan littattafai shafi-shafi, ina duba kofunan tangaran marasa hannu da yadda ake riƙe su. Komai da Hausa nake rubutawa a wani ƙaramin littafi, don da ita nake tunani.

Zanen da ya fi tsaya min a rai na wani dattijo ne zaune a kan darduma, da baƙonsa, da ƙananan kofuna uku. Na rubuta cewa buta tana gefensa, ba a hannun mai hidima ba, wato shi da kansa yake girmama baƙonsa. Haka mahaifina yake yi.

Ɗaki ɗaya muke a unguwar Hor Al Anz da wata 'yar Kano, ajinmu ma ɗaya. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ke yin ciniki a madadina idan kunya ta hana ni magana. Da ta ari littafin, wai za ta ga yadda nake tsara rubutu, ban kawo komai a raina ba.

Ranar gabatarwa ita aka fara kira. Sai ga dattijona a kan allo. Jimlolina ta karanta da Turanci, bi da bi, har ta zo kan buta, ta ce ta alwala ce, dattijon sallah zai yi. Ko zanen ba ta kalla ba, ga tururi yana fita daga bakin butar.

Malamar ta tambayi amfanin kofunan, Yaya ta shiga juya takardunta. Ni ce ta gaba, kuma ba ni da wani aikin sai wannan. Na ɗaga hannu, karo na farko a shekarar. Na ce butar shayi ce, a Hausa sunanta ɗaya da ta alwala, kuma kalmar tana cikin littafina da ke jakar Yaya.

Aka bar min aikina.

A gida Yaya ta ce, "Haba ƙanwata, a gaban mutane? Ai da kin bari mun dawo."

Ƙarshen wata ta tashi daga ɗakin. Ta bar butar shayin da muka saya tare a kasuwar Murshid Bazaar, wadda ita ta yi cinikinta.