Ranar da Aka Yi Cigiyar Surukina a Kasuwar Rogo

Abubuwa da yawa sun same ni na manta da su, amma ranar da na sa aka yi cigiyar dattijon da nake neman 'yarsa, alhali yana tsaye lafiyarsa ƙalau a tsakiyar kasuwar Rogo, ba na jin za ta bar kaina har in koma ga Allah.

A lokacin ban daɗe da dawowa Ƙaraye daga Kano ba, inda na koyi rubuta manhajar waya, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Akwai wata ƙungiyar manoma da makiyaya da ta haɗa mutanen ƙauyukan Turawa da Fulatan da Ruwan Bago, sai na ce zan yi musu manhajar sanarwa: kiran taro, ranar allurar shanu, cigiyar dabba. Shugaban ƙungiyar kuwa shi ne mahaifin yarinyar. Alhaji dattijo ne mai kwarjini da farin gemu, yana ɗingishi da ƙafar hagu tun da wani sa ya take shi yana saurayi. Da na kai masa maganar ya ce, "Ɗana, mu da muke da baki da ƙafa, me waya za ta ƙara mana?" Duk da haka ya amince, ina jin don 'yarsa.

Sai na ɗan yi bayanin aikin, in ba haka ba ba za a gane laifina ba. Manhaja ba aiki ɗaya take yi a lokaci guda ba. Tana da layukan aiki da muke kira zare. Akwai babban zare, shi ke kula da abin da mutum yake gani da abin da yake taɓawa. Akwai ƙanana da ke aiki a bayan fage, kamar jiran sabis. Ƙa'idar da malaminmu ya yi ta nanata mana ita ce, ƙaramin zare in ya gama aikinsa sai ya naɗe saƙonsa cikakke ya miƙa ta hannun mai karɓa, saƙon ya shiga layi, a ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na ga wannan ɓata lokaci ne. Sai na ware wuri ɗaya na ce kowane zare ya zuba nasa a nan, sunan wanda ake magana a kansa a sama, bayani a ƙasa. Na gwada sau da yawa a ɗakina, ban ga matsala ba. Abin da ban gwada ba shi ne saƙo biyu su taso a lokaci guda.

Ranar kasuwar Rogo da safe, sakataren ƙungiya yana Ruwan Bago inda sabis ke wuya. Ya rubuta sanarwa biyu. Ta farko, Alhaji yana kiran taro. Ta biyu, jakin wani makiyayi ya ɓata. Duka suka tsaya suna jiran sabis. Yana hawa babur ya fito kan titi sabis ya dawo, zaren biyu suka farka tare, kowanne ya ruga wurin nan guda.

Ina shagona ina shan koko wayata ta yi ƙara. Na duba, sai ga sunan Alhaji cikakke, a ƙarƙashinsa kuma: "Ya ɓata tun jiya da yamma. Tsoho ne, da fari a haɓarsa, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Yana harbi idan an matsa masa. Duk wanda ya gan shi ya riƙe shi a inuwa, ya ba shi ruwa, ya kira sakatare."

Ban gama haɗiye kokon ba na biyun ya shigo: jakin wane na Ruwan Bago yana gayyatar dukkan mambobi taro ranar Asabar bayan azahar, kuma yana roƙon kowa ya zo a kan lokaci.

Sai ga kiran yarinyar. "Yaya, me ya sami Baba? Ɗazu fa ya karya a gida ya tafi kasuwa. Mata sun cika mana tsakar gida suna jaje." Na ce ta kwantar da hankalinta, kuskure ne. Ta ce, "Kuskuren wa?" Na kashe wayar na nemi makullin babur.

Da na isa Rogo ban sha wahalar nemansa ba, taron mutane ne ya nuna mini. An zaunar da shi a kan tabarma a rumfar wani mai gyaɗa, wasu makiyaya biyu na Fulatan suna tsugune dama da hagu, ɗaya riƙe da moɗar ruwa. Sun ɗauka ruɗewar tsufa ce ta same shi, suna lallashinsa da ladabi, wani lokaci da Hausa wani lokaci da Fillanci.

"Alhaji, a ɗan sha ruwa, 'yan gida suna hanya."

"Wai ni ne na ɓata? Ni da nake zuwa kasuwar nan tun ba a haife ku ba?"

"Haka ne, Alhaji. Allah ya sawwaƙe."

Ya yunƙura zai tashi, ɗayan ya dafa masa gwiwa, shi kuwa ya kai masa ƙafa. Mutumin ya ja da baya ya dubi abokinsa ya ce a hankali, "Ai kuwa an faɗa a saƙon."

Na durƙusa a gabansa na gaishe shi. Na ce, "Baba, laifina ne. Bayanin jaki ne ya hau kan sunanka." Mai gyaɗa ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna motsi. Alhaji ya ce in karanta masa saƙon daga farko, da ƙarfi. Na karanta. Da na zo wajen harbi sai ya ce, "Maimaita nan." Na maimaita. Ya gyara hularsa, ya karɓi sandarsa, ya ce, "Ka zo taron Asabar." Ya tafi da ɗingishinsa, jama'a suna buɗa masa hanya.

Kwana ukun da suka rage kafin taron ban san ɗanɗanon abinci ba. Na warware aikin na sake shi yadda aka koya mini, kowane saƙo a naɗe, ta hannun mai karɓa, a layi. Bai kai wuni ɗaya ba, aikin da na yi ta gudu. Na gwada da saƙo da yawa a tare, babu wanda ya taɓa wani. An kuma ga jakin a wata gonar dawa kusa da Fulatan, ya ƙoshi.

Ranar Asabar aka yi taron da ƙungiyar ba ta taɓa ganin cikarsa ba, har da waɗanda ba mambobi ba. Mai jakin yana shigowa wani ya tambaye shi ko mai gayya zai iso. Alhaji ya jira dariya ta lafa, sannan ya tsayar da ni a tsakiya.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ɗana. Ba ka san yadda ake yi ba ne, ko ka sani ka ƙi?"

Da na ce ban sani ba, da ya fi mini sauƙi, don babu mai iya ƙaryata ni a wurin. Na sunkuyar da kai na ce, "Na sani, Baba. Gaggawa na yi."

Sai Alhaji ya ce wa jama'a, "Ku bar masa aikin. Wanda ya sha wannan kunyar ba zai sake ba." Maganar aure dai sai da ya ja ta har bayan girbi kafin ya ce magabatana su zo, kuma har yau in jikokinsa suka dame shi yakan ce su yi hankali, shi yana harbi.

Abin da na koya a ranar bai tsaya a waya ba. Duk aikin da ka san ƙa'idarsa ka tsallake don babu mai ganinka, ba ɓacewa ya yi ba, jira yake. Kuma ba a ɗakinka zai fito ba, sai ranar kasuwa, a kan mutumin da ka fi jin kunya.