Madarar da na auna da zafinta

Shekarar da na fara yin yogot na sayarwa a gidanmu a Gumel, ƙanena ya kawo mini wani ma'auni na gilashi daga Kano, siriri kamar alƙalami. Ana jefa shi cikin madara ya yi iyo. In ya nutse ya wuce jan layi, an ƙara ruwa ke nan. Ni kuwa na ɗauki abin nan kamar alƙali.

Wata dattijuwar Bafulatana ce ke kawo mini madara daga rugarsu, wajen Sule Tankarkar. Goggo nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yata. Takan zauna a tabarma, mu sha hira kafin ta juya.

Ran nan da bazara ta sauke ƙwarya, na jefa ma'auni, ya nutse can ƙasa. Ni dai Allah ya yi ni da saurin baki. A gaban maƙwabta biyu na ce ashe ruwan rijiya nake saye, da furfurarta da komai. Ba ta musa ba. Ta dube ni, ta ɗauki faifanta, ta bar ƙwaryar ta fita.

Bayan azahar na sake aunawa don in nuna wa maigidana. Ma'auni ya tsaya cak a kan layi. Sai a lokacin na karanta takardar da ke cikin kwalinsa: ba a auna madara da zafi, don mai zafi ko tsantsa ce sai ya nutse. Ashe tafasa ta ta yi kada ta lalace a hanya, ta hau babur da ɗuminta. Don madarar ta iso mini da kyau ta yi hakan. Wallahi kunyar ranar har yau tana nan.

Washegari na mayar mata da ƙwaryar har ruga, na durƙusa na roƙe ta. Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe.

Ta ci gaba da kawo madara shekara huɗu, har ta rasu. Amma ba ta ƙara zama a tabarmar ba. Takan tsaya a bakin zaure, ta ajiye ƙwarya, ta ce, "Auna tukuna, Hajiya."