Gwangwanin Maɓallan Tela

Tela bai taɓa yarda da almakashi wajen yanke zare ba. Haƙori yake sa masa, allurai kuma suna jere a gefen baki yana ta zuba da masu kawo ɗinki. Kowa a layin ya san shi da wannan. Abin da ba a sani ba shi ne yana da farfaɗiya. Matarsa kaɗai ta taɓa ganinsa a ƙasa yana shure-shure. Maganin yana ɓoye cikin gwangwanin maɓallai, safe da yamma yakan sunkuya bayan keken ɗinki ya haɗiye, don tsoron kada a ji a guje wa 'ya'yansa mata.

Wata rana allura ta soke shi a dasashi. Ya kuskure baki da ruwan gishiri ya ce zai wuce. Ina! Muƙamuƙi ya kumbura ya yi tauri kamar katako, ƙasan haɓa ya huje yana tsiyayar mugunya. Sarkin surutu ya koma magana da hannu.

Saurayin babbar 'yarsa, wanda har an sa musu rana, shi ya kai shi asibiti. Don tsabar ladabi kuma ya bi shi har ɗakin likita ya tsaya a bayansa.

Likitar ta daɗe tana duban hoton ƙashin. Ta ce ƙwayoyin cuta sun shiga ciki, irin waɗanda ba kasafai suke cin mai ƙarfin jiki ba. Akwai magungunan da ke raunana garkuwar jiki, kuma in ba ta gano musabbabin ba, mai yiwuwa sai an yanke wani sashe na ƙashin.

"Baba, akwai maganin da kake sha kullum?"

Tela ya girgiza kai. Likitar ta ajiye hoton ta zuba masa ido, ta ce gobe za a fara shirin aikin. Sai ya sa hannu a aljihu. Ya zazzage gwangwanin a tebur, ƙwayoyi suka fito cikin maɓallai.

Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ce ga musabbabin nan. Ta tambayi tun yaushe yake da farfaɗiya, ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya daina sha da kansa, za a sauya masa wani. Tela bai iya waiwayawa ba.

Saurayin ya durƙusa yana tsince maɓallan da suka gangara ƙasa.

"Baba," ya ce a hankali, "ai 'yarka ta gaya mini tun kafin in turo magabatana."