Gonar Mama a cikin akwatunan taswira

Sati biyu da binne Baba na koma aiki a Kafanchan. Ban huta ba, zaman gidan ne ya ishe ni. Ofishinmu ɗaki guda ne, muna zana taswirar gonaki wa wata ƙungiyar manoman citta, kuma ƙauyenmu na gindin dutsen Kagoro yana cikin aikin.

Ni da ƙafata na bi iyakokin gonakin ƙauyen da na'ura, tun Baba yana da rai. Gonarsa siririya ce, ta bi bakin rafi, faɗinta bai fi ɗaki biyu ba. Ƙerana, tsiron nan da ake shinge da shi, ya shuka a kan iyaka tsakaninsa da ƙanensa, wanda muke kira Baba ƙarami. A kwamfuta kowace gona ta fito da layin da ya zagaye ta daidai. Wannan shi muke kira bekta.

Ranar da na dawo, oga ya ce a mayar da komai rasta, don ya hau kan hoton tauraron ɗan'adam. Rasta ba ta san layi ba. Manhajar tana yanka ƙasa akwati-akwati kamar tayil, kowane akwati launi ɗaya, na gonar da ta faɗo a tsakiyarsa. Na ce masa akwatunan sun yi girma, siraran gonaki za su ɓace. Ya ce girman hoton ke nan, kuma taswirar ta lissafin amfanin gona ce, ba ta shari'a ba. Gaskiyarsa ce. Na danna. Gonar Baba ba ta faɗo tsakiyar akwati ko ɗaya ba, duk bakin rafin ya koma launin Baba ƙarami. Na gani, ban ji komai ba. Na tashi na sayo gasasshiyar masara.

Ƙungiyar ta buga taswirar da girma, aka raba wa ƙauyuka. Tamu mai unguwa ya manna a bangon zaurensa. A wurinmu kuwa, takardar da ta zo daga gari aka manna a bango ta fi bakin kowane tsoho.

Dama tun a wurin makoki Baba ƙarami ya fara cewa aro ya ba wansa gonar. Da damina ta matso Mama ta kira ni, ta ce yanzu taswirar bangon yake nunawa, wai gonar tasa ce. Gonar nan ce abincinta, ba ta da wata.

Na je ranar Lahadi, dattawa suka zauna a zauren mai unguwa bayan an tashi coci. Mama ta bi rafin da yatsa a jikin taswirar bango tana neman gonarta, daga sama har ƙasa, ta sake bi. Na buɗe kwamfuta na nuna musu layin gonar. Na yi bayanin akwatuna, muryata kamar ta mai karanta sanarwa.

Baba ƙarami ya ce, "Yarinya na, wannan na cikin kwamfuta naki ne, kina iya zana abin da kina so. Na bango fa?"

Wani dattijo ya tambaye ni, "Wane ne ya yi na bango?"

Na ce, "Ni ce."

"To, shi ke nan."

Ba wanda ya ɗaga murya. Na nemi fushi a raina ban samu ba. Yunwa kawai nake ji.

Kafin ruwa ya zauna Baba ƙarami ya tuge ƙeranar, ya ja kunyoyinsa har bakin rafi. Mama ta ba wata maƙwabciya irin cittarta don kada ya ruɓe.

Da na je gida lokacin Kirsimeti, na tarar da ita tana tsince acca a tsakar gida. Ta ce, "Gona ɗin yana nan cikin kwamfuta naki?"

Na ce yana nan, da iyakarsa da komai.

Ba ta ɗago kai daga faifan ba. Ta ce, "To ki ajiye shi da kyau. Can ne kawai ya rage."