Baba Numfashi da Ƙahon da Ya Daina Busawa

Da dogon hutu ya zo, makaranta ta watse, Baba Numfashi ne yake buɗe babban zauren taro tun rana ba ta yi zafi ba. Ya ture bencina jikin bango, ya wangale tagogi, ya jera ƙahonnin tagulla a kan tebur yana ɗiga wa maɓallansu mai. Kafin ya gama, masu koyon busa sun fara isowa: ɗalibai, 'yan badujala, har da wani direba mai furfura. Daga safe har la'asar ake yi, kullum, sai hutu ya ƙare.

Sunan ma su suka laƙa masa. Duk wanda ya ɗauki ƙaho da zumuɗi, sai ya karɓe ya ce, "Ajiye tukuna, ɗana. Ƙarfe ba ya waƙa. Ina numfashinka?" Sai mutum ya yi kwanaki yana hura iska, leɓe ya kumbura, kumatu su yi tsami. Maƙwabta kan yi masa tsiya, wai awakin unguwa sun fi sababbin ɗalibansa daɗin murya. Shi dai sai murmushi.

A da, in ya busa, mai wucewa kan tsaya cak a bakin titi. Wata shekara, horo ya kai tsakiya, ya wayi gari ɓarin fuskarsa ya shanye. Leɓe ya saki, ko ruwa ya kurɓa sai ya zubo. Likita bai ɓoye masa ba: magana za ta dawo, busa kuwa sai haƙuri.

'Yarsa ce ta ba da labarin ranar da aka sallamo shi. Ya shiga ɗaki, ya ɗauko ƙahonsa ya kai baki. Iska ce kawai ta zurare ta gefe. Ya daɗe zaune da shi a cinya.

Ta ce, "Baba, bari in je in ce musu su watse, bana babu."

Ya ce da harshe mai nauyi, "Bakina ne ya mutu. Nasu ma ya mutu ne? Miƙo min takalmana."

Direban nan yana cikin waɗanda suka ga shigowarsa zaure, da hankici a gefen baki. Kowa ya sunkuyar da kai. Baba ya nufi wata ɗaliba da ta daɗe tana fama da wata murya ta can sama, ta ƙi kamuwa. Da can shi zai busa mata ta kwaikwaya. Ranar sai ya tsaya a gabanta, ya ja numfashi tana kallo, ya ɗaga hannu a hankali.

"Kar ki matse leɓe, 'yata. Turo daga ciki."

Ta gwada, muryar ta tsage. Ta sake, ta sake, har ta fito tsaf ta cika zauren. Baba ya juya ya fuskanci taga, ya jima bai waiwayo ba. Can ya ce, "Na gaba."

Shekara da shekaru ke nan, ba a taɓa fasa horon ba. Da yawa cikin waɗanda ya yaye ba su taɓa jin busarsa ba.

Kai ne, Baba, ƙi-gudu. Kai ne aka karɓe maka abin da ka fi so a duniya, amma kowane hutu ka dawo ka tsaya tsakiyar masu shi, kana gyara musu, zuciyarka ba ta yi baƙi ba. Bana ka ce ƙafa ta gaji, za ka zauna gida. Ka huta, ka isa.

Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Mu kuwa da ƙaramin ciwo ke sa mu jingine aiki, mu duba mu gani: abin da ya rage mana, wani yana can yana jiransa. Mu tashi mu kai masa.